Kaluluwar Zomo da Shanun Ardo Buba

Jiya ɗaya daga cikinku ta ce mini, "Hajiya, ai aikin nan ba shi da wuya. Ki zuba jini a inji, inji ya faɗa miki abin da ke ciki." Hannuna na cikin ruwan sabulu a lokacin, na ci gaba da wanke-wankena. Yau tunda an ɗauke wuta, injin ya yi shiru, ku matso kusa in ba ku labarin yadda muka yi aikin nan a Potiskum tun kafin a kawo shi.

Na shigo aikin ina 'yar shekara ashirin da 'yan kai, ba da daɗewa ba bayan an yanke mana jiharmu daga Borno. Gidanmu a Yerimaram yake. Kullum da safe nakan taka zuwa asibitin dabbobi, in na makara in hau acaɓa. Ɗakin gwajinmu ɗaki ɗaya ne da baranda, a bayansa kuma akwai rumfar kwano inda ake ajiye zomaye da ɓerayen Masar. Wanda na tarar a ciki shi ne Baba Maina, wani dattijo Babarbare da ya fara aiki tun zamanin da cutar bushiya ke share garken shanu guda a mako. Hausarsa ba ta raba mace da namiji. Kowa "kai" ne a wurinsa, har ni, har matar likita. Da farko abin yana ba ni dariya, daga baya kunnena ya saba.

Watanni na yi ban taɓa dabba ba. Aikina wanke kwalabe ne da tafasa sirinji. Sirinjinmu na gilashi ne, ba a yar da shi, sai dai a kwance shi, a wanke, a jera a tukunya, a ɗora kan risho. In na gama wanke kwalba, Baba Maina yakan ɗaga ta sama wajen taga ya juya ta a hankali. Ranar da ya ga wani ɗan fari-fari a gindin ɗaya, sai ya mayar mini da kwandon gaba ɗaya.

"Asabe," ya ce, "in sabulu ya rage a ciki, ƙwayar jini za ta fashe. Sai ka zo ka ce mini saniya ba ta da lafiya, alhali kwalbarka ce ba ta da lafiya."

Ranar da ya fara barina in kama zomo, da kunne na ɗago shi kamar yadda ake yi a gida. Zomon ya harba ƙafa ya yage ni daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu. Baba Maina bai dubi jinina ba, zomon ya duba. Ya nuna mini yadda ake riƙe fatar bayan wuya da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya tallafe ɗuwawu, a cusa kansa a hammata don ya ga duhu ya natsu. Ya nuna mini jijiyar da ke bin gefen kunne, wadda ake ɗumama ta da yatsa har ta taso kafin a sa allura. Zomon da ya firgita jijiyarsa ɓacewa take yi, sai ka yi ta huda a banza. Shi ya sa har yau kuke ganin ina magana da dabba kafin in taɓa ta.

Me ya sa muke kiwon zomaye a asibitin shanu? Ni ma na yi wannan tambayar, amsar kuma da babban yatsa aka ba ni. Wata safiya ya fito da zomaye biyu ya ajiye a kan tebur. Ɗaya an yi masa allura a ƙafar baya kwanakin baya, ɗayan ba a taɓa shi ba. Ya kama yatsana ya ɗora a bayan gwiwar wanda ba a taɓa ba. Da ƙyar na ji wani abu kamar ƙwayar gero. Ya ɗora a bayan gwiwar ɗayan. Nan na ji abu kamar wake, yana zamewa a ƙarƙashin fata.

"Kaluluwa ce," na ce. "Ciwo ya kama shi."

"Ba ciwo ba ne. Aiki ne ake yi a ciki. Zo ka gani."

Ya sa siririyar allura ya zuƙo ɗan ɗigo daga kowace kaluluwa, ya shafa a kan gilashi, ya bari ya bushe, ya zuba ruwan rini mai shuɗi. Madubin likitanmu ba ya aiki da wuta. Wani ɗan madubi ne a ƙasansa, sai ka juya shi ya kamo hasken taga. A gilashin farko na ga ƙananan ƙwayoyi zagayayyu, duk girmansu ɗaya, a zaune. A na biyu, tsakanin ƙananan, ga wasu manya-manya sun kumbura, sun sha shuɗi sosai. Ya ce in bi a hankali zuwa hagu. Sai na ga wata ta matse a tsakiya kamar an ɗaure ta da zare, tana shirin zama biyu.

Abin da na gani ranar nan shi ne gindin sana'ar nan baki ɗaya, don haka ku saurara. A cikin jikin dabba, da na mutum, akwai fararen ƙwayoyi da ba su ƙirguwa, kowace da irin baƙon da za ta iya ganewa. Duk wani baƙon abu da jiki zai gane cewa ba nasa ba ne, shi littattafanku ke kira antijin. Idan ya shiga, ruwan jiki yakan kai shi kaluluwa mafi kusa. Yawancin ƙwayoyin da ke can ba ruwansu da shi. 'Yan kaɗan ne suka dace da shi, kuma su kaɗai ba za su iya komai ba. Sai su kumbura, su rabu, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu, haka har kaluluwar ta cika ta taso. Daga nan wasu su fara zuba wani sinadari a cikin jini mai kama wannan baƙon ya ɗaure shi. Wasu kuma su zauna a jiki suna riƙe da kamanninsa, ta yadda in ya sake dawowa ba za a fara daga 'yan kaɗan ba. Wannan rabuwar tana cin kwanaki, ba a gaggauta ta. Shi ya sa rigakafi ba ya aiki ranar da aka yi shi. Mu kuma mukan ɗebi ruwan jinin irin waɗannan zomaye mu yi gwaje-gwajen cututtuka da shi.

Masu zuwa wurinmu kala-kala ne. Ranar Laraba, ranar da kara take ci, wato kasuwar dabbobi, dillalan shanu sukan cika baranda, kowa yana son a ce masa dabbarsa lafiya lau kafin a loda mota. Manoma sukan kawo shanun huɗa gab da damina. Mata sukan zo da kaza a ƙarƙashin mayafi, ta riga ta mutu, a ce a duba abin da ya kashe ta don kada ya bi saura. Fulani kuwa ba sa zuwa sai abu ya ƙi ci. Hausa ce ke haɗa mu duka, kowa da irin lanƙwasar harshensa, ni da ta Ngizim, Baba da ta Barebari, su da ta Fulatanci.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce shekarar da man fetur ya ɓace. Motoci su yi layi tun daga gidan mai har ba ka ganin ƙarshensu, kananzir ma sai da sanayya. Firjinmu na kananzir ne, mai lagwani a ƙasa, kuma a cikinsa duk maganin rigakafinmu yake. Da cokali-cokali muke ciyar da shi. Likitanmu a lokacin Dakta Gimba ne, mutumin Fika, matashi mai ƙarancin magana. Shi da kansa yakan ɗauko galan daga gidansa ya juye mana.

A tsakiyar bazara muke jiran maganin harbin daji. Ku da ba ku taɓa ganin cutar nan ba, ku gode wa Allah. Ba ta neman ramammiyar saniya. Ɗan bijimin da ya fi kowa ƙiba take zaɓa. Da safe ka gan shi yana ɗingishi, cinya ta kumbura, in ka danna ka ji tana ƙara kamar busasshiyar takarda. Kafin la'asar ya kwanta. Da ruwan farko take zuwa, don haka dole a yi allurar kafin ruwa ya sauka.

Akwai wani shugaban makiyaya, Ardo Buba, wanda mutanensa ke zaune a dajin da ke tsakanin Potiskum da Fika. Daminar da ta wuce cutar ta yi masa ɓarna ƙwarai. Dakta Gimba ya yi ta zirga-zirga zuwa rugarsa har ya shawo kansa, shi kuma ya shawo kan mutanensa su dakata, kada su tashi sai an yi wa shanu allura. Wannan ne karo na farko da suka yarda gaba ɗayansu.

Motar da ta ɗauko maganin daga babbar cibiyar da ake yin sa, mai ya ƙare mata a hanya. Ta yi kwanaki a bakin titi cikin rana. Ranar da ta iso, Ardo Buba yana zaune a barandarmu, ya zo jin labari. A gabansa direba ya sauke akwatunan sanyi. Da na buɗe na farko, ƙanƙarar duk ta narke. Na tsoma hannu na ji ruwan da ɗumi kamar na wankan jariri. Kwalaben suna yawo a ciki.

Ardo ya taso ya leƙa. Shi ma ya tsoma hannu. Ya juya wajen Dakta.

"Likita, maganin nan yana da rai ko ya mutu?"

"Ardo, ban sani ba," in ji Dakta. "In na ce maka na sani, na yi maka ƙarya."

Ƙwayar cutar da ke cikin irin wannan magani dama a mace take, da gangan aka kashe ta. Abin da ake bukata shi ne kamanninta su tsaya yadda suke, don jiki ya gane ta ya yi shiri. Zafi na iya ɓata kamannin, kuma ido ba ya gani. Kwalbar da ta lalace da mai kyau duk ɗaya suke a hannu. In an aika a kawo wani, ba zai iso ba sai ruwa ya sauka. In an yi amfani da wannan kuma ya zama ruwa ne kawai, shanu za su mutu da shaidar allurarmu a wuyansu, kuma babu Bafulatanin da zai sake kawo mana ko akuya.

Baba Maina ne ya ce, "Yallaɓai, mu tambayi zomaye."

Dakta ya ce za a yi, amma keji uku za a ware. Na farko a yi musu sabon maganin da ya sha rana. Na biyu a yi musu ragowar na bara da bai taɓa fita daga firji ba. Na uku a yi musu ruwan gishiri kawai. Ni a raina na ga ɓarnar zomaye ce, tunda ba su da yawa, kuma sabon maganin kaɗai muke son sani.

Ardo yana jin mu. "Zomo ba saniya ba ne," ya ce.

"Gaskiyarka," in ji Dakta. "Ba zai faɗa mana komai da komai ba. Abu ɗaya zai faɗa mana, ko jiki yana gane maganin nan har yanzu ko ba ya ganewa."

"Sai yaushe zai faɗa?"

"Ka ba mu mako biyu, ko uku."

Ardo ya dubi gabas, inda sama take fari fat. "Zan riƙe mutanena har gabas ta yi baƙi. In ta yi baƙi, ba ni da bakin riƙe su."

Ni na yi allurar, a ƙarƙashin fatar ƙafar baya, Baba Maina yana riƙe mini. Sauran kwalaben muka cusa a firji muka ci gaba da lallaɓa lagwani. Bayan kamar mako guda na fara bin bayan gwiwar zomayen keji na farko da yatsa. Ba komai. Washegari ba komai. Na ƙara kwanaki, har yanzu ƙwayar gero. Na je na sami Dakta a ofis na ce, "Yallaɓai, sabon maganin bai tayar da komai ba. Ina jin ya lalace."

Bai ɗago da sauri ba. Ya ce, "Na keji na biyu fa?"

Na koma na duba su ɗaya bayan ɗaya. Su ma kusan haka. Maganin bara, wanda muka tabbata yana da kyau, shi ma bai tayar da abin kirki ba. Da ba don kejin nan na biyu ba, da ranar muka haƙa rami muka zubar da kwalaben nan gaba ɗaya.

Mu uku, ni da Dakta da Baba Maina, muka tsaya a rumfar zomaye. Rana ta take, kwanon yana ƙara don zafi. Zomayen sun miƙe a ƙasan keji, kunnuwa sun yi ja, ciki yana bugawa da sauri. Dusar da na zuba tun safe tana nan ba a taɓa ba. A makon nan ma biyu sun mutu a cikin waɗanda ba a yi wa komai ba, na ɗauka tsufa ne.

"Matsalar ba a kwalba take ba tukuna," in ji Baba Maina. "A zomo take. Ba ya ci, ba ya sha, numfashi yake nema. Da me zai yi sababbin ƙwayoyi?"

Babu wuta balle fanka. Babu wani ɗaki a asibitin da ba kwano ne a kansa ba. Sai na tuna da tsohon soron da ke gidanmu, ginin ƙasa mai kaurin bango, inda Innata take ajiye randunan ruwa. Ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi a tafin ƙafa. Da na je na gaya mata, ta dube ni sama da ƙasa.

"Zomayen gwamnati a ɗakin randunana? In ɗaya ya mutu, ni za a kama ko ke?"

"Ni za a kama, Inna."

"To kawo su. Amma kada su taɓa mini moɗa."

Da sanyin safiya muka ɗora kejin a kura, muka rufe da jiƙaƙƙen buhu, aka tura har Yerimaram, 'yan unguwa suna leƙe. Muka shimfiɗa yashi a ƙasan soron muka yayyafa masa ruwa. Muka jingina kowane keji da randa, ta yadda zomo zai iya manna cikinsa a jikinta. Na ɗaura wa kowane keji tsumma mai launi daban don kada su cakuɗe. Nakan je lambu in samo ganyen dankali da latas, in haɗa da harawa. Inna, wadda ta ce ba ruwanta, ita ce ta koma tana jiƙa buhunan in na tafi aiki. Har sunaye ta raɗa musu. Da suka dawo suna cin abinci suna tsalle, Dakta ya zo da kansa muka yi musu allura ta biyu, kowane keji da irin nasa.

A kwanakin nan ne abubuwa suka fara taɓarɓarewa a waje. Wani mutum ya ɓullo a kara yana sayar da wani jan ruwa a kwalba, yana cewa ya fi na asibiti. Wasu daga cikin mutanen Ardo suka saya. Gida biyu suka tattara suka tashi ba su yi masa sallama ba. Wata la'asar gabas ta haɗa, iska ta taso ta kwashe rumfunan kasuwa, amma ba a samu ko ɗigo ba. Ranar Laraba Ardo ya zo ya tsaya a bakin baranda, bai ma zauna ba.

"An yi yayyafi a wajen Fika," ya ce. "Zomayenku sun yi magana?"

"Ka ƙara mana kwana kaɗan, Ardo," in ji Dakta.

"Ni zan iya ƙarawa. Sama ce ban sani ba."

Bayan 'yan kwanaki, da safe kafin in fita aiki, na shiga soro na ɗauko wani farin zomo daga kejin sabon magani, wanda Inna take kira Alhaji saboda tumbinsa. Na cusa kansa a hammata, na kai yatsa bayan gwiwarsa. Wake. Na ɗauko na kusa da shi. Wake. Na je keji na biyu, su ma haka. Na je na ruwan gishiri, ƙwayar gero, kamar yadda ya kamata. Na sake bin su duka tun daga farko don kada ya zama yatsana ne ke son ya ji.

Muka mayar da su asibiti a kura. Baba Maina ya zuƙo daga kaluluwa ya shafa a gilashi, na rina. Da na kamo hasken taga, ga su nan, manya masu shuɗi sun cika fili, nan wata ta matse a tsakiya, can wasu biyu sun rabu ke nan ba su gama nisa da juna ba. Na matsa wa Dakta ya duba. Ya daɗe a kai. Ya ce a ɗebi jini.

Na ɗebi jini daga kunnuwansu. Injin juya jininmu na hannu ne, mai mariƙi kamar na injin markaɗe, sai ka yi ta juyawa har kafaɗa ta gaji kafin ruwan jinin ya taso sama garai-garai. Dakta ya aika a kira Ardo, wanda ya shigo gari ranar. Ya iso muna tsaka da aiki.

Baba Maina ya kama babban yatsan Ardo ya ɗora a bayan gwiwar farin zomon. Ardo ya lalluba kamar yadda yake lalluba gaban kafaɗar saniya, ya janye hannu.

"Wannan ai kaluluwa ce. In na ji haka a jikin saniya, ware ta nake yi daga garke."

"In ta taso da kanta, ware ta," in ji Baba Maina. "Wannan mu muka tayar. Jiki ya ga magani, ya gane shi, yana tara masu faɗa."

Aka ce ya leƙa madubi. Ya sunkuya, ya rufe wannan ido, ya rufe wancan, ya ce shi gashin idonsa kawai yake gani. Sai Dakta ya ɗauko farin faranti mai santsi. Ya ɗiga ruwan matattun ƙwayoyin cutar wuri uku, fari-fari kamar madara. A kan na farko ya ɗiga ruwan jinin zomon ruwan gishiri, ya karkata farantin yana juyawa. Ya tsaya sumul. A kan na biyu ya ɗiga na zomon maganin bara. Jim kaɗan ya fara dunƙulewa, ƙanana-ƙananan gudaji suka fito, ruwan ya washe. Saura na uku. Ya ɗiga, ya karkata, ya juya. Ardo ya matso har hularsa tana taɓa kafaɗar Dakta.

"Ya tsinke," in ji Ardo. "Kamar nono in ya kwana."

"Ya tsinke," in ji Dakta. Sai a lokacin na ga ya zauna. Amma ya ƙara da cewa, "Ardo, ka ji da kyau. Wannan ya nuna jiki yana gane maganin. Ban ce maka na rantse ba wadda za ta mutu ba. Damina ce za ta ƙarasa gwajin."

"Na ji. Ka zo jibi da sassafe, kafin su fita kiwo."

Kwanaki muka yi a daji. Ni ke cika sirinji a gindin wata tsamiya, akwatin sanyi a naɗe da jiƙaƙƙen bargo, Dakta da ma'aikatan fili suna bin shanu a cikin shinge. Har waɗanda suka sayi jan ruwan nan sun kawo nasu a ƙarshe, suna kauda kai. Ruwan farko ya sauka ba mu daɗe da gamawa ba, abin da ya tayar mana da hankali, domin mun san ƙwayoyin nan suna bukatar lokaci su rabu a jikin saniya kamar yadda suka bukata a jikin zomo. Allah ya sa bayan wannan ruwan sama ta ɗauke na wani lokaci, har manoman da suka yi shuka suka fara ƙorafi. Mu kam ba mu yi ƙorafi ba.

Duk daminar nan, in babur ya tsaya a bakin ƙofa, sai hannuna ya tsaya a kan abin da nake yi. In na hango malfar makiyayi ta shigo, sai in dubi Baba Maina, shi ma ya dube ni. Cutar ta zo kuwa. Wani manomi a Hausari ya rasa san huɗarsa da bai kawo allura ba, ni na duba naman na tabbatar. Daga wajen Ardo kuwa ba mu ji komai ba, kuma a aikinmu shirun makiyayi ba ya nuna komai, don yana iya yiwuwa fushi ya yi ya tafi.

Sai da aka fara yankan gero ya zo. Ranar Laraba ce, da hantsi. Ya jingina sandarsa, ya zauna a benci, ya fara gaisuwa. Ya gaida Dakta, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi gajiya. Ya juya ya gaida Baba Maina haka. Ya gaishe ni, ya tambayi Innata. Ya tambayi zomaye. Muna ta amsawa muna jiran inda maganar za ta faɗi, domin ba wanda ke zuwa asibitin dabbobi sai da dalili. Da gaisuwar ta ƙare ya gyara zama yana kallon tsakar gida.

Dakta ya kasa haƙuri. "Ardo, lafiya dai? Me ya faru?"

"Ba abin da ya faru," in ji Ardo. "Shi na zo in faɗa muku."

Baba Maina ya cire hularsa, ya shafa kansa, ya mayar. Sannan ya juyo ya ce mini, "Asabe, ɗora ruwan shayi. A tukunyar shayi fa, ba ta sirinji ba."